Haɗe ƙananan hukumomin Abuja wuri ɗaya: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da haɗewar?

A rushe majalisu masu hawa biyu, ta ƙasa mai kula da kasuwa da makabarta da ta sama mai kula da manyan tituna da tsarin gari, a kafa hukuma guda mai kasafi ɗaya. Haka birnin Okland na Niyuzilan ya yi a 2010: ƙananan majalisu bakwai da majalisar yanki suka narke suka zama ɗaya, da magajin gari guda. Toronto ta Kanada ta riga shi, a 1998.

A Abuja fa, su wa za a haɗe?

Ƙananan hukumomi shida ne: AMAC (ta cikin birnin Abuja), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, da kansiloli 62. A samansu akwai hukumar babban birnin tarayya ƙarƙashin minista. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: ciyamomin zaɓaɓɓu ne, minista kuwa shugaban ƙasa ke naɗa shi. In aka zuba shidan cikin ofishinsa, an ƙwace wa talakan Kwali ƙuri'ar da ta fi kusa da shi ke nan. Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha.

Doka ta yarda?

Ba kai tsaye ba. Sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ya yi bayanin ƙirƙirar sabuwar ƙaramar hukuma da gyaran iyaka, bai shimfiɗa hanyar haɗewa ba. Sashe na 3 kuma ya ƙayyade adadi, 768 a jihohi da shida a Abuja, kowace da sunanta a jadawali na farko. Don haka sai an gyara tsarin mulkin: kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa, haka na wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Legas ta ɗanɗana wannan daga ɗaya ɓangaren. Sabbin ƙananan hukumomi 37 da ta ƙirƙira a 2003 har yau ba su shiga jadawalin ba.

Ai za a rage kashe kuɗi, ko?

Nan ne mutane ke saurin lissafi. Gaskiya ne ciyaman ɗaya ya fi shida arha. To amma kuɗin ƙaramar hukuma ba a motar ciyaman yake ƙarewa ba, albashin malaman firamare da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi ke cinye shi, su kuwa ba sa raguwa don an sauya allon ƙofa. Idan ma'aikata biyu masu aiki iri ɗaya suka koma ƙarƙashin inuwa guda, ƙungiyarsu ba za ta yarda a daidaita albashinsu da na ƙasa ba, sai da na sama.

Sannan akwai rabon asusun tarayya. Ƙananan hukumomi na samun kashi 20.60 cikin ɗari, kuma kashi 40 na wannan ana raba shi daidai wa daida, babba da ƙarama. Shida suka zama ɗaya, rabo biyar ya tafi, muddin ba a sake tsarin rabon ba.

Ina amfaninta, ke nan?

Mai shago a Wuse ya san shi: hannu ɗaya ne zai miƙo masa takardar haraji, kuma ya san ƙofar da zai buga in shara ta taru.

Me ya fi lalacewa a lokacin sauyi?

Rajistar ma'aikata da ta 'yan fansho, domin kowace hukuma da irin tata. Bashin 'yan kwangila, wanda dole a tantance kafin ranar haɗewa. Sai kuɗin rumfar kasuwa, da ba zai yiwu na Abaji ya koma na Garki dare ɗaya ba. Okland ta ɗauki shekaru tana daidaita harajin gidaje a hankali, ta kuma bar ƙananan kwamitoci 21 zaɓaɓɓu a unguwanni don kada mai neman gyaran kwalbati ya ratsa gari.