Mishmish, khokh da barƙuƙ a kan wuta: tambayoyin matan unguwa

Da zarar watan Mayu ya kama, kwalayen mishmish (apricot) da khokh (peach), 'ya'yan itatuwa masu ƙwallo a ciki, na gonakin Tabuk da Jauf sukan cika halaga, wato babbar kasuwar kayan marmari, a nan Jidda. Mu da muka taso da mangwaro da ɗinya mun iya cinsu ɗanyu, amma wajen girki sai a yi ta tambaya.

Na sayo khokh da tauri, in sa a firji?

A'a, Hajiya. Sanyi kan hana shi nuna, cikinsa ya koma gari-gari. A bar shi a kicin kwana biyu ko uku, sai ya fara ƙamshi kuma ya ɗan lotsa kusa da hancinsa. Haka mishmish da barƙuƙ (plum). A cikin danginsu, karaz (cherry) ne kaɗai ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi.

Mishmish ɗina da zaƙi, amma da na gasa ya fito da tsami. Me ya faru?

Halinsa ke nan, wuta tana fito da tsaminsa. Barƙuƙ ma haka, nasa tsamin a ɓawo yake. Don haka kada ki auna sukari da yadda kika ji shi ɗanye. In jam ne, wanda nan ake kira murabba, ni nakan sa giram 700 na sukari a kilo ɗaya, da ruwan rabin lemun tsami. A raba mishmish ɗin biyu, a cire ƙwallon, a rufe shi da sukarin ya kwana. Da safe za ki tarar ya saki ruwansa, ba sai an ƙara ko cokali ɗaya ba. Ki ɗora a wuta, in ya fara kauri ki ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, ki tura da yatsa. In ya yamutse, a sauke.

Kek ɗina ya jiƙe a tsakiya.

Ruwan ɗan itacen ne ya sauka cikin kwaɓin. Na taɓa jefa khokh huɗu haka nan, kek ya fito kamar alala. Yanzu nakan barbaɗe su da cokali ɗaya na fulawa, in jera a sama, yankan yana kallon sama, wuta digiri 180.

Kamaraddin fa?

Mishmish ne aka tace aka shanya ya zama faifai, aikin mutanen Guta da ke gefen Dimashƙa. A yanka, a jiƙa shi 'yan sa'o'i, a markaɗa, ga abin buɗa-baki. Wanda ya dahu da sitaci kuwa, daɗinsa sai wanda ya ci.

Ana cin abin da ke cikin ƙwallon?

Kada a ci na mishmish da khokh, balle a ba yara. Akwai sinadarin amigdalin a ciki, wanda jiki ke mayarwa guba. Mahlab da ake sa wa ka'ak, biskit ɗin Larabawa, shi ma ƙwayar wani irin karaz ce, amma kaɗan ake dakawa, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi rabin kilo na fulawa.