Waiwaye: Daga Ina Tarihin Wasan Kwaikwayon Bangali Ya Faro?

Akwai wata rana da ɗalibin adabin Bangali, harshen mutanen yankin Bengal, a Kalkata ta Indiya yake ko a Daka ta Bangladash, kan hardace tun kafin ya san abin da zai yi da ita: 27 ga Nuwamba 1795. A ranar ce wani makaɗi mutumin Rasha, Gerasim Lebedev, ya buɗe ɗakin wasa a unguwar Domtollah ta Kalkata, ya nuna wani wasan barkwanci na Ingilishi da ya juya zuwa harshen Bangali da taimakon malaminsa Goloknath Das. 'Yan ƙasa ne, maza da mata, suka hau dandamalin. An maimaita wasan a watan Maris na 1796, daga nan kishin abokan sana'a Turawa da bashi suka durƙusar da Lebedev, ya bar Indiya a 1797. Shekara da shekaru, littattafan makaranta daga wannan rana suke fara ƙirga tarihin wasan kwaikwayon Bangali.

Abin da ɗaure kai. Harshe ne mai masu magana da shi sama da miliyan 200, wanda manazartansa suka kai asalin adabinsa shekara dubu baya. Ta yaya za a ce wasan kwaikwayonsa jiya-jiya aka haife shi, kuma baƙo ne ungozoma? Amsar tana cikin tarihin sana'ar nazarin kanta: su wa suka fara yin ta, da wace irin hujja suka yarda, kuma wace suka ƙi kallo.

An kafa Jami'ar Kalkata a 1857, amma sai da aka shafe fiye da shekara sittin kafin harshen garin ya sami gurbin digiri na biyu a cikinta. Kafin nan Bangali abin koya wa jami'an mulkin mallaka ne a Kwalejin Fort William, wadda aka buɗe a 1800 aka ɗora ɗan mishan William Carey a kan koyar da shi. Mai son a kira shi masani, Sanskirit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, yake karantawa ko Ingilishi. Wanda ya fasa wannan ƙofa ba daga jami'a ya fito ba. Dinesh Chandra Sen shugaban wata makarantar sakandare ne a garin Comilla, mai yawon ƙauyuka yana roƙon mutane su nuna masa tsofaffin takardun rubutun hannu da suka gada, waɗanda ake kira puthi. Da abin da ya tara ya wallafa tarihin harshe da adabin Bangali a 1896. Jami'a ta jawo shi daga baya, kuma a 1919, da tsayuwar dakan Ashutosh Mukherjee, jigo a jami'ar, aka buɗe digiri na biyu a harsunan gida. Tun daga lokacin ne mutum zai iya cewa nazarin Bangali ne abincinsa.

Zamanin nan zamanin farautar takardu ne. A 1907 Haraprasad Shastri ya tarar da wasu waƙoƙin mabiya addinin Buda, kusan hamsin, rubuce a kan ganye a ɗakin karatun fadar Nepal. Su ne ake kira Charyapada. Bayan shekara biyu Basanta Ranjan Roy ya ci karo da wata doguwar waƙa a kan Radha da masoyinta Krishna, abin bautar mabiya Hindu, an cusa ta a saman bukkar shanu a wani ƙauye na gundumar Bankura. An buga duka biyun a 1916. Sai muhawara ta kaure a kan shekarun Charyapada: Suniti Kumar Chatterji ya ajiye su tsakanin ƙarni na 10 da na 12, Muhammad Shahidullah ya ce a'a, sun faro tun ƙarni na 7.

Shahidullah ɗin nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Musulmi ne da ya yi digirin farko a Sanskirit a 1910, ya nemi ci gaba, sai malamin da ke koyar da littattafan Veda, masu tsarki a addinin Hindu, ya ce shi ba zai karantar da su ga wanda ba ɗan Hindu ba. Dole ya karkata zuwa kwatanta harsuna, ya gama a 1912. Da aka buɗe Jami'ar Daka a 1921 ya shiga sashen Sanskirit da Bangali, ya tafi Faris ya yo digirin digirgir a 1928 a kan waƙoƙin malaman Budan nan, sa'annan da aka ware Bangali ya zama sashe mai zaman kansa a 1937, shi aka ba shugabanci. Wanda aka hana ƙofar gaba, ya zagayo ya zama mai riƙe da makullin ɗaki.

To, waƙa ta sami tsohon tarihi. Wasan kwaikwayo fa? Nan ne gizo ke saƙar. Mutumin da ya aza harsashin tarihinsa, Brajendranath Bandyopadhyay, shi ma ba farfesa ba ne. Akawu ne a wani kamfanin Turawa da ya koma aikin mujalla, mai naci wajen tonon tsofaffin jaridu. Ya bi su shafi-shafi yana tsamo sanarwar wasa, sunan mai gida, ranar da aka yi, abin da masu sharhi suka ce. A 1933 ya fitar da littafinsa, kuma a jikin sunan littafin ya rubuta iyakarsa: 1795 zuwa 1876. A ganina bai yi laifi ba. Ya faɗa ƙarara cewa tarihin ɗakin wasa yake rubutawa, wato gini mai dandamali da labule. Matsalar ta zo ne daga waɗanda suka biyo baya suka ɗauki tarihin ɗaki a matsayin tarihin wasan baki ɗaya. Jarida tana ganin abin da ya faru a birni ne kawai, a gidan mai kuɗi, gaban mutanen da suka iya karatu.

Kuma gaskiya labarin birnin yana da daɗin bayarwa. Attajiran Kalkata sun riƙa gina dandamali a gidajensu, irin na Belgachia da aka buɗe a 1858, inda aka nuna wasan farko na Michael Madhusudan Dutt a shekarar da ta biyo. A 1860 wani ma'aikacin gidan waya, Dinabandhu Mitra, ya buga Nildarpan a Daka, wasan da ya tona yadda Turawa masu gonakin baba ke tilasta wa manoma shuka abin rini a filin da ya kamata su noma shinkafa. Fassararsa ta Ingilishi ta jawo wa ɗan mishan James Long ɗaurin wata guda da tarar rupi 1,000, wadda Kaliprasanna Sinha ya biya nan take. Da wannan wasan aka buɗe gidan wasa na farko da kowa zai sayi tikiti ya shiga, ranar 7 ga Disamba 1872. A 1873 aka fara ɗaukar mata 'yan wasa, akasarinsu daga unguwannin da masu mutunci ba sa son a gan su. A cikin waɗanda suka biyo wannan sahu ne Binodini Dasi ta fito, wadda tarihin rayuwarta da ta rubuta da kanta ya zama madogara ga manazarta a yau. Sai 1876, bayan wani wasan shaguɓe a kan wani lauya da ya karɓi baƙuncin yarima mai jiran gadon Ingila a cikin gidansa, gwamnati ta kafa dokar da ta ba ta ikon hana duk wasan da ta ga dama. Dokar ta fi masu ita tsawon rai: Bangladash ba ta soke ta ba sai a 2001.

Duk wannan yana da kwanan wata, yana da takardar kotu, yana da sharhin jarida. Ɗalibin da ke neman kundinsa ya wuce gaban masu jarrabawa, ina zai nufa in ba nan ba?

Amma a daidai lokacin da ake sayar da tikiti a Kalkata, dubban mutane a karkara suna kwana a fili suna kallon jatra, wasan gargajiya mai haɗe da waƙa. Babu labule, babu bango. 'Yan kallo sun kewaye 'yan wasa ta kowane ɓangare, makaɗa na zaune a gefe, maza ke fitowa a mata, akwai ma wani ɗan wasa da ake kira Bibek, wato zuciya mai gargaɗi, wanda kan faɗo tsakiyar labari da waƙa ya ja kunnen sarki ko azzalumi. 'Yan bokon birni, waɗanda ake kira bhadralok, kallon abin 'yan ƙauye suke yi masa, mai hayaniya da batsa. Shahararren marubuci Rabindranath Tagore na cikin 'yan ƙalilan da suka saɓa: a farkon ƙarni na 20 ya rubuta cewa zanen bangon da aka kwaikwayo daga Turai raina tunanin mai kallo ne, jatra ta fi shi gaskiya. Ita kuwa gwamnatin mallaka ba ta taɓa raina jatra ba. Da Mukunda Das na Barisal ya mayar da ita makamin adawa bayan raba Bengal a 1905, kurkuku ta aika shi.

(Mai karatun da ya san yadda aka daɗe ana fara tarihin wasan kwaikwayon Hausa daga littattafan makaranta, a bar tashe da wasan gauta a babin "al'adu", ba zai ji wannan gardama baƙuwa ba.)

Ba a ce babu wanda ya leƙa karkara daga jami'a ba. Dinesh Sen da kansa ya buga waƙoƙin labari na yankin Mymensingh a 1923, waɗanda Chandra Kumar De ya tattaro daga bakin mawaƙa. Ashutosh Bhattacharya na Jami'ar Kalkata ya fito da rawar chhau ta Purulia, mai abin rufe fuska, ga idon duniya. Sai dai akwatin da ake zuba irin wannan aiki daban ne: adabin gargajiya. Mawaƙin da ke tsaye da 'yan amshi, yana sauya murya, yana ɗaura mayafi ya zama mace, ya kwance ya zama sarki, an rubuta kalmominsa a matsayin waƙa, an bar jikinsa a waje.

Canjin ya zo ne daga gabas, kuma siyasa ce ta turo shi. Bayan raba Indiya a 1947 Daka ta faɗa cikin Pakistan, aka ce Urdu kaɗai ne harshen ƙasa. Ranar 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka harbe masu zanga-zangar kare Bangali. Cikin malaman jami'ar da aka kama har da Munier Choudhury na sashen Ingilishi. A gidan yari ya rubuta Kabar, wato kabari, wasan da gawawwakin waɗanda aka harbe ke ƙin kwanciya a binne su. Ya tsara shi yadda fursunoni za su iya yi: babu mace ko ɗaya a ciki, kuma hasken fitilar ƙwai ya ishe shi. Haka suka nuna shi a 1953. Yana tsare ya zauna jarrabawar digiri na biyu a Bangali ya zo na ɗaya, ya fito ya koma sashen Bangali, ya je Harvard ya karanto kimiyyar harshe, har ya tsara jerin haruffan keken rubutu na Bangali da ke ɗauke da sunansa. Ranar 14 ga Disamba 1971, saura kwana biyu sojojin Pakistan su miƙa wuya a yaƙin 'yancin Bangladash, 'yan ƙungiyar Al-Badr, masu mara wa sojojin baya, suka ɗauke shi daga gida. Ba a sake ganinsa ba. A ƙasar da aka kashe malamin adabi saboda harshensa, tambayar "namu ne ko aro ne" ba ta zama ta cikin aji kawai.

Waɗanda suka taso bayan 'yancin kai su suka ɗauki tambayar da gaske. Selim Al Deen, marubucin wasa kuma malami a Jami'ar Jahangirnagar, ya kafa sashen wasan kwaikwayo a can a 1986, ya yi digirin digirgir a kan wasannin Bangali na tsakiyar zamani. Hujjarsa ita ce a sake karanta takardun da ke hannu tun 1916. Waƙar da aka tsinto a bukkar shanu, ai zance ne tsakanin mutum uku, Radha da Krishna da tsohuwa mai kai saƙo, kowa da abin da zai faɗa. Littafin tarihin Chaitanya, jagoran addini da aka haifa a 1486, ya ba da labarin daren da ya yi shigar mace ya fito a Rukmini, matar Krishna, a gidan wani almajirinsa a Nabadwip. In wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, mene ne? A wajensa, raba waƙa da rawa da labari da kwaikwayo gida-gida al'adar Turai ce. Bangali a haɗe ya gaje su. Bai tsaya ga kundi ba: ya rubuta wasanni a sigar labari mai gudana, kuma shi da Nasiruddin Yousuff suka kafa ƙungiyar kai wasa ƙauyuka a farkon shekarun 1980.

Syed Jamil Ahmed, wanda ya buɗe sashen wasan kwaikwayo da kiɗa a Jami'ar Daka a 1994, ya bi ta wata hanyar: ya shiga karkara ya zauna ya kalla. Littafinsa na shekarar 2000 ya bayyana ire-iren wasannin gargajiya fiye da saba'in, ciki har da waɗanda tsohon tarihin Kalkata bai kula da su ba domin na Musulmi ne: jari gan da ake yi a Muharram kan waƙi'ar Karbala, da waƙoƙin waliyyai irin su Gazi, mai sarrafa damisa a dazukan bakin teku.

Wannan ra'ayi shi ma yana da rauninsa, kuma masu suka ba su yi shiru ba. Rubutun waƙa ba ya gaya maka yadda aka tsaya, ko yadda aka motsa hannu, shekara ɗari biyar da suka wuce. Ɗaukar abin da aka gani a ƙauye yau a ce haka yake a ƙarni na 15 tsalle ne mai faɗi. Kishin ƙasa kuma yakan sa manazarci ya ga tsufa inda babu. Brajendranath, duk ƙuncin da'irarsa, abin da ya rubuta kana iya zuwa ka duba jaridar ka gani. Ni dai na fi karkata ga mutanen Daka a kan asalin tambayar, na fi amincewa da akawun Kalkata a kan kwanan wata.

Selim Al Deen ya rasu ranar 14 ga Janairu 2008, aka binne shi a harabar jami'ar da ya koyar. Domtollah kuwa yanzu titin Ezra ake kiransa, kasuwar fitilu da kayan lantarki ce a tsakiyar Kalkata, kuma ɗakin da Lebedev ya gina ya daɗe da shafewa.