Waiwaye: Yadda ajin adabi ya zama mafakar masu gudun lissafi

Tun da aka fitar da sanarwa a watan Oktoban 2025 cewa mai son karanta fannin adabi a manyan makarantu ba dole ba ne ya kawo kiredit a lissafi, gardama ba ta lafa ba. A ɗakin malamai, a majalisa bayan Magariba, har a Facebook, an rabu gida biyu. Wasu na cewa an share wa yara hawaye, domin akwai wanda ya shekara uku a gida saboda lissafi kaɗai, alhali Larabci ko Tarihi yake son karantawa. Wasu na cewa an buɗe ƙofar lalaci. Daga baya an fayyace cewa kowa zai ci gaba da zana jarrabawar lissafin, sharaɗin shiga ne kawai aka sassauta. Ni da nake koyar da lissafi a nan Jos, da safe a aji, da yamma lesin a Unguwar Rogo, tambayar da ta fi ci mini rai daban ce: me ya sa yaro ɗan shekara 14 ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa lissafi ba nasa ba ne? Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya daɗe.

Farkon labarin sananne ne. An yi babban taron manhaja a Legas a 1969, aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa a 1977, aka kafa JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, a 1978. Tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, ya fara aiki a 1982, rukunin farko suka zana jarrabawar kammala babbar sakandare a 1988. Aka ce jami'o'i su ba kimiyya kashi 60 na gurabe, sauran fannoni kashi 40. Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, mu ma a Filato muna alfahari da ta Kuru. Babu mai cewa ƙasar nan ba ta so kimiyya ba.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, ba don a tura kowa jami'a aka tsara 6-3-3-4 ba. Shekaru ukun farko na sakandare an ware su ne domin yaro ya taɓa komai da hannunsa: aikin katako, aikin ƙarfe, wutar lantarki, zanen gini, noma, kasuwanci, tattalin gida. Bayan aji uku sai a duba inda ya fi ƙarfi. Takardar manufar ilimi har kaso ta yanka daga baya: 60 cikin 100 su wuce babbar sakandare, 20 su tafi kwalejin fasaha, 10 cibiyoyin koyon sana'a, 10 kuma su koyi sana'a a hannun gwanaye. Hanya huɗu ke nan, kuma abin da zai nuna wa yaro tasa shi ne darasin gabatar da fasaha da muke kira Intiro Tek.

Saboda wannan darasi aka sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari, aka rarraba wa makarantu. Na gan su da idona. Ina ƙaramar sakandare, wata safiya ta hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da ke hana yatsa riƙe biro, babbar mota ta shigo makarantarmu ta sauke manyan akwatunan katako. Muka kewaye su muna murna. Aka tura su cikin wani aji da ba kowa, aka danna kwado. Ta taga muke leƙe. Akwati ɗaya ya fashe a gefe, ana hango koren ƙarfe shafe da giris, an naɗe shi da takarda mai maiƙo. Malaminmu na Intiro, bawan Allah mai ƙoƙari, asalinsa labarin ƙasa ya karanta, aka ce ya riƙe darasin kafin a samo gwani. Yakan zana zarto a allo, ya rubuta sunayen sassansa, mu kwafa, mu haddace, mu ci jarrabawa. Har na gama aji uku ban riƙe zarto a makaranta ba. Ɗakin aiki ba a gina ba, irin wutar da injunan ke buƙata ba ta iso ba, malaman da suka san aikin sun yi kaɗan. Lokacin kuma farashin man fetur ya faɗi, aljihun ƙasa ya tsuke, kowa ya koma ta kansa. Da na koma makarantar bayan shekaru, gara ta cinye katakon, tsatsa ta gama da sauran. Duk abokin aikina da ya yi karatu a wancan zamani, daga Bauchi ne ko daga Zariya, idan na ba shi wannan labari sai ya ce kamar makarantarsu nake faɗi.

Asarar ta wuce ta ƙarfe. A ɗakin aikin nan ne ya kamata lissafi ya sauko daga allo ya shiga hannun yaro. Wanda ya auna katako inci bakwai da rabi, ya raba shi biyu, ya yanka ba daidai ba, ƙafar benci ta ƙi zama, ba zai sake mance yadda ake raba rabi ba. Birkila idan zai fitar da kwanar gini, yakan ja igiya ƙafa uku ta nan, huɗu ta can, ya tabbatar tsakaninsu biyar ne. Wannan ita ce ƙa'idar Pitagoras da muke wahala da ita a aji biyu, yara na kallonmu kamar muna karanta musu wani yare. Da aka rufe akwatunan nan, sai lissafi ya zama haruffa da lambobi a bakin malami, cikin Turancin da yaron bai gama ji ba tun daga firamare. Wanda ya iya hadda ya tsira, wanda sai ya gani ya taɓa kafin ya gane, aka ce ba shi da kai.

Daga nan sauran hanyoyin uku, ban da ta babbar sakandare, suka yi ta ƙuntacewa. Kwalejin fasaha ta Bukuru tana nan, ta fitar da ƙwararru masu yawa, amma a idon iyaye da dama irin waɗannan makarantu sun zama inda ake kai wanda bai ci ba. Mu malamai ma muna da namu kason, domin sau nawa muka tsorata yaro da cewa in bai dage ba gareji zai ƙare? Ga kuma bambancin da ake nunawa a wajen aiki tsakanin mai digiri da mai babbar difloma, wanda ya ƙara koya wa kowa cewa jami'a ce kaɗai ƙofa. Sai kowa ya cunkusa babbar sakandare, aka raba ta gida uku: kimiyya, kasuwanci, adabi. Ma'aunin rabon kuwa, a yawancin makarantun da na sani, sakamakon lissafi ne na aji uku. Mai maki ya tafi kimiyya, mai dama-dama kasuwanci, ragowar a ce su je adabi. Zalunci biyu ke nan. Yarinyar da Allah ya ba baiwar harshe, wadda da son ranta ta zaɓi adabi, ana mata kallon wadda ta kasa. Yaron da baiwarsa ke hannunsa kuma an zaunar da shi ajin da ba nasa ba, shekara uku yana jiran a tashi.

Gyare-gyaren da suka biyo baya ba su taɓa wannan wuri sosai ba. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, tsarin ya koma 9-3-4, wato aka haɗe firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara. An sauya wa Intiro suna, daga baya aka haɗe shi da kimiyyar farko. A 2010 aka haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta sauran manyan makarantu ta zama ɗaya. A ajujuwan da nake shiga, har yau zarton nan a allo ake zana shi.

A bara aka kawo mini wani yaro lesin, ɗan aji uku, mahaifinsa na sayar da katako a kasuwar Katako. An ce lissafi ya gagare shi. Na ba shi tambaya a takarda, uku da rabi sau huɗu, ya yi shiru yana juya biro. Sai na ajiye takardar na ce masa da Hausa, in mai saye ya zo yana son falanki huɗu, kowanne ƙafa uku da rabi, ƙafa nawa za ka yanka? Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Sha huɗu, Malam, amma sai an ƙara ɗan abin da zarto zai ci." Ba amsar kaɗai ya bayar ba, har da abin da littafin bai sani ba. Tun ranar na sayi tef ɗin awo da igiya, su nake fara shiga da su lesin kafin alli. Ya ɗan farfaɗo, amma wata huɗu ba sa gyara abin da aka bari tun aji huɗu na firamare, makinsa bai kai na ajin kimiyya ba.

Da sakamako ya fito, mahaifinsa ya zo gidana bayan La'asar, ƙurar katako a kafaɗar rigarsa, riƙe da fom ɗin babbar sakandare. Na kawo masa maganar Bukuru. Ya yi jim, ya ce, "Malam, ni da nake so ya fi ni, sai in mayar da shi kan katako?" Na yi masa bayanin cewa daga kwalejin fasaha ma ana wucewa gaba har a zama injiniya, ya saurara da ladabi, amma na ga maganar ba ta shige shi ba. Ya miƙo mini fom ɗin ya ce in duba in cika masa wanda ya dace. Gurbi uku ne a jiki: kimiyya, kasuwanci, adabi.