Ciwon Muƙamuƙi da Ciwon Ɓarin Kai

Ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren, ciwon kai ne mai zuwa ya tafi ya dawo, galibi a gefe ɗaya, yana sara, tare da tashin zuciya da ƙin haske da hayaniya. In ba a sha magani ba yakan ɗauki awa 4 zuwa 72, kuma yana kama mata kusan ninki uku a kan maza. A wurin wasu, ciwon muƙamuƙi kan riga shi zuwa, ko su zo tare.

Abin da ya haɗa su jijiya ce guda, mai suna tiraijeminal, ta biyar cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Rassanta uku ne: ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kunci da haƙoran sama, na uku muƙamuƙin ƙasa da naman da ake tauna da shi. Ita ce kuma ke ɗauko zafin ɓarin kai daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Da yake saƙonnin duk wuri ɗaya suke sauka, ƙwaƙwalwa kan rikita inda ciwon ya taso.

Saboda haka lamarin hanya biyu gare shi. Wani lokaci muƙamuƙin ne mai laifi. Gaɓarsa tana gaban kunne daidai. Ɗora yatsa a wurin ka buɗe baki, za ka ji tana motsi. Cizon haƙora cikin barci, datse baki lokacin damuwa, yini ana taunar cingam, ko yawan cin abu mai tauri irin ganda, busasshiyar aya da rake, duk suna gajiyar da gaɓar, gajiyar kuma tana iya tayar da ciwon ɓarin kai ga mai fama da shi. Wani lokaci kuwa muƙamuƙin lafiyarsa ƙalau, ɓarin kan ne ya fara aiko manzo, kamar yadda yakan aiko yawan hamma, taurin wuya da kasala, awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya sauka.

Rarrabe su ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai waɗanda aka cire wa lafiyayyen haƙori a banza, ciwon kuma yana nan daram. Ciwon gaɓa yakan ƙaru in an yi tauna, ko hamma, ko aka danna wurin, wani sa'in da ƙarar ƙas-ƙas ko kasa buɗe baki sosai. Na ɓarin kai bai damu da tauna ba. Hawa bene ko sauri ne ke ƙara shi. Likita kan nemi mara lafiya ya riƙa rubuta ranakun ciwon da abin da ya gabace shi.

Ga matsalar gaɓa, akan fara da abinci mai laushi kamar fate da kunu, gashi da ruwan ɗumi, da robar haƙora da ake kwana da ita. Sayen farasitamol a kemis kullum ba mafita ba ne: shan sa kwana 15 ko fiye a wata na iya zama sanadin wani ciwon kan. A Zariya, manyan matsaloli irin wannan akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Abu biyu ba sa jira. Ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji, gumi ko numfashi sama-sama na iya zama ciwon zuciya. Wanda ya haura shekara 50 kuma, in muƙamuƙinsa na gajiya yana cikin tauna, ga sabon ciwo a gefen goshi, ana tsoron kumburin jijiyar jini mai iya makantar da ido cikin kwanaki.