Kusu a gida da rumbu: amsar tambayoyin da manoma ke yawan yi

Da zarar an gama kaka, an ɗaure dammuna an kai gida, ɓerayen da suka yi damina a gona su ma sai su biyo hatsi. Mu a ƙasar Sakkwato kusu muke ce masa, wasu su ce ɓera, ɓarnar dai ɗaya ce. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kansa.

Na sa guba sun mutu, bayan wata guda sun dawo. Me ya sa?

Saboda ka kashe waɗanda ka tarar, amma abin da ya kawo su yana nan. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kusu abu uku yake nema: abinci, ruwa da wurin ɓuya. Gidan manomi kuwa ya haɗa ukun: ga dusa a buɗe kusa da turke, ga ƙaiƙayi a gindin turmi, ga kasko da ruwan kaji, ga kara an jingina a jikin danga. Sannan haihuwarsa ba ta wasa ba ce. Cikin macen kwana 21 ne ko ɗan fiye, kuma irin na gona mai nonuwa da yawa yakan haifi goma ko sama da haka a ciki ɗaya. Ka kashe ashirin yau, gurbinsu zai cika kafin ka ankara, ko daga ramukan gidanka ko daga na maƙwabta.

To da me zan fara?

Da tsintsiya da laka, kafin ka je kasuwa sayen komai. Na taɓa kwana a gidan wani kawuna a ƙauye cikin ƙasar Wurno. Kullum kukansa kusu ya addabi rufewarsa, wato rumbunsa na laka. Da safe muka zagaya bayanta, sai ga tarin karan dawa manne da jikinta, ga harawa an ɗora a kan rumfa, reshen darbejiya kuma ya sauko har yana taɓa jinkar da aka kifa mata. Muka janye karan nan, sai ga ramuka uku a ƙasa, bakinsu sumul saboda yawan shiga da fita, da ɓawon gero a watse. Tsani ya yi musu da hannunsa bai sani ba.

Abin yi shi ne a share kewayen rumbu fes, taku biyu ko uku, kada a bar ciyawa, itace ko tsohon buhu. Kusu ba ya son ratsa fili, don yana tsoron shaho da mujiya. A sare reshen da ya taɓa rufi. A kai kara da harawa nesa da ɗakin kwana da wurin ajiya. A bi tsagewar bango a liƙe. In laka ce a cuɗa ta da tsakuwa ko fasasshen kwalba, in da hali a sa siminti. Kada a raina ƙaramar kafa, domin ɗan ƙaramin kusu yana kutsawa ta ramin da bai wuce kaurin fensir ba. Ƙasan ƙofa, inda ya fi gaigaya, a buga masa falle na kwano.

Rumbun da ke kan ƙafafun itace, har da rudun albasa, a sa wa kowace ƙafa kwano mai siffar mazurari a kife, misalin mita 1 daga ƙasa. Buhuna kuma kada a jibge su a ƙasa ko a manna da bango. A ɗora su kan katako, a bar hanya ta baya yadda mutum zai iya leƙawa da tocila. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana rage ƙamshin hatsi, amma in haƙori ya huda shi amfaninsa ya tafi. Durom na ƙarfe mai murfi ya fi kowane buhu.

Na ɗana tarko kwana uku bai kama komai ba.

Manyan ɓeraye suna da shakkar sabon abu. Ka ajiye tarkon da ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi ba tare da ka ɗana ba, kwana biyu ko uku, har ka ga suna cinyewa, sannan ka ɗana. A jikin bango ake sa shi, don bango suke bi; za ka gane hanyarsu da kashi da baƙin maiƙo a gefen gini. Kuma tarko ɗaya ba ya aiki a gidan gona. Gara shida a dare guda da ɗaya na tsawon wata.

Shinkafar ɓera fa? Ai ita ce mai sauƙi.

A nan ne nake son a tsaya a yi tunani sosai. Gubar da ake ƙullawa a leda ana tallarta a kasuwa ba suna, ba bayani, ba wanda ya san ƙarfinta. Gidan ƙauye kuwa yaro mai rarrafe yana tsintar abin da ya gani, kaji suna tonon ko'ina. Na ga gidan da aka barbaɗa ta a bayan ɗaki da magariba, da hantsi aka kwashe zabi bakwai a mace. Mussa, wato kyanwa, in ta ci gawar ɓeran ita ma takan bi shi, kun rasa mai gadinku.

In dole ta sa, a sayi mai rajistar NAFDAC a cikin kwalinta. Irin mai tsinka jini ba ta kashewa nan take, sai bayan kwanaki, don haka kada a ce ba ta aiki a ƙara zubawa. A sa ta cikin guntun bututu ko tukunya a kife mai ƙaramar kafa, a danne da dutse. Ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake don ƙwari, mai fitar da iskar guba, kada a kuskura a sa ta a ramin kusu cikin ɗakin da ake kwana. Iskarta tana kisa. In yaro ya ci guba, a wuce asibiti da shi tare da kwalin. Ɗura masa manja ko madara ɓata lokaci ne kawai.

Mussa ta isa?

Tana taimako ƙwarai wajen ƙanana, amma gafiya ta fi ƙarfinta. Mujiya ma abokiyar manomi ce, kusu ne abincinta duk dare, ina roƙon yara su daina jifarta saboda camfi.

Da gaske kusu yana kawo zazzaɓin Lassa?

Da gaske ne. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma mai ɗauke da ita shi ne wannan na gona mai nonuwa da yawa. Shi ba ta kayar da shi, amma tana cikin fitsarinsa da kashinsa. Ta haka take shiga abincin da aka bari a buɗe, ko hatsin da aka shanya a ƙasa ya kwana. Ta fi yawa da rani, daidai lokacin da suka taru a gidaje. Alamu kan ɗauki har kwana 21 kafin su bayyana, kuma farkonta kamar maleriya ne. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya bai sauka ba, a koma asibiti a faɗa wa likita akwai kusu a gida. Wasu da suka warke sukan rasa ji.

Shi ya sa ba a share kashin kusu a bushe, ƙurar tana shiga hanci. A yayyafa ruwan bilic, a bari ya jiƙa, sannan a kwashe. Gawarsa kuma a sa hannu cikin leda a ɗauka, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Samarin da ke cinna wa daji wuta don farautar gafiya su sani, abin da ya tsere wa wutar gidajenmu yake shigowa.

Na gyara nawa, maƙwabci bai gyara nasa ba.

Wannan magana ce ta mai unguwa da liman. A tsayar da mako guda bayan an gama shigar da amfani, kowane gida ya share, ya liƙe ramuka, ya ɗana tarko a dare ɗaya, a kwashe jujin da ke tsakanin gidaje a kai gona ya zama taki. A sake maimaitawa kafin faɗuwar damina, lokacin da hatsi ya ja baya a rumbu kuma aka fi ganin inda suka huda.