Kyanwa na amai ta ƙi cin abinci, don Allah kar a ba ta farasitamol

Salam jama'a. Satin da ya wuce wata baiwar Allah daga Jekadafari nan Gombe ta kawo mana kyanwarta asibitin dabbobi cikin kwali, ta ce kwana uku kenan tana amai, ko kifi aka aje mata sai ta shinshina ta kau da kai, toh da ta ji jikin da zafi sai ta ɓalli rabin farasitamol ta jiƙa ta ɗura mata. Wallahi da na ɗaga leɓen magen nan dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, sai haki take. Mun yi iya yinmu amma ba ta kwana ba. Matar nan har da hawaye, ni kuma ban ga laifinta ba, tausayi ne ya sa ta, ba wanda ya taɓa gaya mata hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan maganin, ƙwaya ɗaya ta 500mg tana iya kashe babbar mage.

Ba kowane amai bane abin tashin hankali fa. In ta lashe jikinta gashi ya taru a ciki takan amayo shi dunƙule, ko ta ci ciyawa ta harar, in ta ci gaba da wasanta tana cin abinci a ƙyale ta kawai.

Wanda muke tsoro shi ne amai akai-akai, ko da jini, ko ta laɓe ƙarƙashin gado ta daina ci. A nan wajenmu yawanci tsutsar ciki ce saboda ɓeraye da ƙadangarun da suke kamawa, sai maganin ɓera da ake barbaɗawa a sito, sai ragowar miya mai albasa da tafarnuwa, waɗannan biyun suna lalata mata jini a hankali. Masu ɗinkin hula ku kula da zarenku sosai, kyanwa na son wasa da shi ta haɗiye, in kun ga zaren ya leƙo ta baki ko ta dubura kar ku ja, yana iya yanka hanji. Tsohuwar mage kuma in tana yawan shan ruwa da fitsari tana ramewa, ƙoda muke fara dubawa.

Maganar rashin ci ita ce aka fi rainawa, ana cewa ai in yunwa ta ishe ta za ta ci. Kyanwa ba kamar kare ba ce, kwana 2 zuwa 3 ba abinci kitse yake fara taruwa a hantarta, musamman mai ƙiba, har ka ga ido da cikin kunne sun yi ɗorawa kamar mai shawara. In ta wuce awa 24 ba ta ci ba a kai ta asibitin dabbobi, 'yar jaririya kuwa kar ma a jira hakan.

Kafin ku taho, ku ɗaga fatar bayan wuyanta ku saki, in ba ta koma nan take ba ruwan jikinta ya yi ƙasa, ga zafin Maris da Afrilu kun dai san yadda yake. A aje mata ruwa mai tsabta, a gwada dafaffen naman kaza kaɗan ba gishiri ba magi ba ƙashi, banda madara don zawo take sa yawancinsu. Ku ɗau hoton aman a waya, in kuma kuna zargin guba ta lasa ku taho mana da kwalbar ko ledar.