Mene ne laburaren kunna bidiyo a manhajar waya?

In kana kallon YouTube a cikin Maradi, ka kama hanyar Madarunfa, rezo ya yi rauni, sai ka ga hoton ya dushe amma bai tsaya ba. Abin da ya yanke wannan shawara shi ake kira laburaren kunna sauti da bidiyo. Tarin umarnin kwamfuta ne da wasu suka riga suka rubuta, mai haɗa manhaja ya ɗauka ya saka cikin aikinsa, kamar yadda tela ke sayen zif ya ɗinka a wando ba sai ya ƙera nasa ba.

Aikinsa ya fi yadda ake zato. Shi ke jawo fayil daga intanet, ya raba sauti da hoto, ya miƙa wa wayar ta warware su, ya daidaita su don kada murya ta riga baki. Yana kuma tara ƴan daƙiƙoƙi a gaba saboda katsewa.

A wayoyin Android, wanda ya fi suna shi ne ExoPlayer, na kamfanin Google, wanda ya fito fili a 2014, kuma manhajar YouTube tana aiki da shi. Buɗaɗɗe ne, wato rubutun umarninsa yana kan GitHub, shafin intanet da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu, kowa ya karanta. Lasisinsa, Apache 2.0, ya yarda ka ɗauka kyauta, ka gyara, har ka sayar da manhajar da ka haɗa, muddin ka bar bayanin lasisin a ciki.

To wancan dushewar fa? A tsare-tsaren aika bidiyo ta intanet, irin su HLS, wanda Apple ya fitar a 2009, da kuma DASH, ana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace ta ƴan daƙiƙoƙi, a ajiye ta kala-kala: mai nauyi, matsakaiciya, marar nauyi. Laburaren yana auna gudun intanet, in ya ga ya ragu sai ya nemi gunduwa ta gaba daga marar nauyi. Amma ba shi ke yankan ba, mai ɗora bidiyon ne zai yi wannan tun da farko. In ka ɗora bidiyo guda mai nauyi a sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bidiyon a intanet, haka laburaren zai yi ta jan sa, mai kallo yana jira, megarsa tana ƙonewa.

Android yana da nasa makunni, MediaPlayer, sai dai yana cikin tsarin wayar, ba ya gyaruwa sai an sabunta tsarin. Tecno da itel ɗin da ke hannun jama'a kuwa, da yawa sun daɗe ba su ga sabuntawa ba. ExoPlayer yana tafiya ne cikin manhajarka, duk gyaran da ka yi zai isa ga mai tsohuwar waya. A ganina wannan kaɗai ya isa dalili ga ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da ke son haɗa manhajar tafsiri ko ta rediyo. Ya kula sosai da ɓangaren saukewa da adanawa, don mai sauraro ya sauke karatu inda rezo ke da ƙarfi, ya ji a gona.

Akwai tarko ɗaya. Tun 2023 ExoPlayer ya koma cikin Media3, sabon tarin laburare na Google, an daina sabunta tsohon, amma da yawa daga cikin darussan da ke intanet tsohon suke koyarwa. In ka ga "exoplayer2" a rubutu, tsohon ne, sabon yana farawa da "androidx.media3".

Ba shi kaɗai ne a fage ba. Akwai libVLC, injin manhajar VLC, wadda ɗalibai suka fara a Faransa a 1996. Yana kunna kusan kowane irin fayil, amma yana ƙara wa manhaja nauyi, a nan kuwa mutum yana duba girman manhaja kafin ya sauke ta. Masu iPhone nasu daban ne, AVPlayer, kuma shi ba buɗaɗɗe ba ne.